KOFIN DA BA A WANKEWA

Shafi na 19

Masu biyo ni har akwatin saƙo kuna tambaya wai ko Auta ta mutu ne, ba ta mutu ba, wayata ce ta faɗa ruwan wanki. Ga shi nan na kawo. Amma mai cin abinci ya ajiye cokali tukuna, shafin yau akwai ƙazanta.

*

Na iso bakin ƙofar ofis ko ruwa ban sa a cikina ba.

Kamfaninmu ne ke riƙe da manhajar wani babban ɗakin awon jini, ita ke karɓar sakamako daga na'ura ta aika wa mara lafiya da likitansa. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya rubuta ta tun ina makaranta, shi ne kuma shugaban injiniyoyi. Ni aikina in auna ta, in ga irin cin da tsufa ya yi mata bayan shekarun da aka kwashe ana mata faci da ƙari. Yau zan sa hannu a gaban shugabar ɗakin awon in ce lafiyarta ƙalau.

Sai dai da safen nan na durƙusa zan sa wa Umma silifa, silifar ta ƙi shiga. Na danna ƙafar da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Kwanakin baya manhajar nan ta aiko cewa ƙodar Umma ta warware, likita ya tsayar da magani, muka yi ta murna.

"Umma, mu je a sake awo."

"Awon me? Abin da yayanki ya haɗa da hannunsa ne zai min ƙarya? Ke dai tun kina ƙarama ba ki yarda da aikin kowa."

Umma ke nan. In ba daga bakin ɗanta ta ji magana ba, ko likitocin duniya za su taru a kanta ba za ta motsa ba.

Ina shiga ɗakin injiniyoyi ƙaton allon bango ya tare ni, kore shar kamar kullum. Akwai wasu ƙananan manhajoji da ke bincikar babbar duk lokacin da aka taɓa ta, a ofis 'yan gadi muke ce musu. In duk sun ce lafiya, allo kore. In ɗaya ya ga ɓarna, allo ja.

A saman kabad, ƙarƙashin allon, kofin na nan zaune. Tsohon kofin shayi ne da ba a taɓa wankewa ba, funfuna ta yi masa gashi, ragowar madarar cikinsa ta zama wani abu da ba shi da suna. Dokar ofis ce, duk wanda gyaransa ya mayar da allo ja, a ɗauko kofin a dire masa a tebur, ya wuni da warinsa ana masa dariya har sai allo ya koma kore.

Wani tsohon injiniya da muke kira Sarkin Faci ya ɗago daga kwamfutarsa yana washe baki.

"A'a, Auta mai awo! Yau ake sallamarmu ko? Allah ya sa mun ci jarrabawa."

"Sarki, yaushe rabon kofin nan da saukowa?"

"Wai! Tun ina da gashi a tsakiyar kai."

"Wato ba wanda ya sake kuskure tun lokacin?"

Ya sosa ƙeya, ya mayar da ido kan kwamfutarsa.

"Kin san aiki sai da dabara."

Na wuce na tura ƙofar gilashin ofishin Yaya ba ko sallama.

Yana ɗaura agogo, ya sha guga, turarensa har ya fi ƙarfin ɗakin.

"Ke ba ki iya sallama ba ne?"

"Yaya, ka ga ƙafar Umma yau?"

"Gishiri ne. Na hana ta ba ta ji. Kin gama rahoton?"

"Na gama."

"To madalla, kawo."

"Ba zan sa hannu ba."

Ya tsaya da ɗaurin agogon, ya kalle ni irin kallon da yake min tun ina 'yar ƙarama in na taɓa masa kaya.

"Rufe ƙofar nan."

Na rufe. Na juya masa kwamfutata ya gani.

"Shekarar da ka rubuta manhajar nan, in aka kawo ƙorafi da safe kafin a tashi aiki an gyara. Yanzu ƙaramin gyara sai ya ci mako. Da in za a canja abu ɗaya wuri ɗaya ake taɓawa, yanzu sai an bi fayil-fayil kamar mai neman allura a katifa."

"Manhaja ce ta girma."

"Ba girma ba ne, kumburi ne. Na bi gyare-gyaren shekarar nan ɗaya bayan ɗaya, kusan kowanne sai ya haifi wata sabuwar matsala, wani ma tagwaye yake haifa. Wurin da ke lissafa shekarun mara lafiya kaɗai, an kwafa an manna har na gaji da ƙirga, kowane kwafi da irin nasa ciwon."

"Auta..."

"Ka san abin da na tarar an rubuta a tsakiyar aikin? Wai kada kowa ya taɓa nan, ban san dalili ba amma in an taɓa komai rushewa yake. Wani wurin an rubuta na wucin gadi ne, za a gyara mako mai zuwa. Yaya, na duba ranar, lokacin ko aure ba ka yi ba, yanzu ga 'yarka tana zuwa makaranta."

Ya yi wata 'yar dariya ta ƙarfin hali.

"Duk manhajar duniya haka cikinta yake. Ke kin fito daga aji kina zaton aiki littafi ne. Dubi allo, me kika gani?"

"Kore."

"To shi ke nan."

"Shi ne abin da ya hana ni barci. Duk ma'aunin da na ɗora yana cewa abin nan ruɓewa yake yi, allo kuma na cewa ba ta taɓa lafiya irin ta bana ba. Sai na je na duba 'yan gadin da kansu."

Ya ɗauke kai ya kalli taga.

"Barci suke, Yaya. Fiye da rabinsu an kwantar da su. Duk wanda ɗan gadi ya yi wa ihu, maimakon ya gyara ɓarnar sai ya rufe masa baki, don kada a dire masa wancan ƙazamin kofin. Waɗanda suka rage a farke su ne masu duba launin rubutu da girman tambarin kamfani."

Wallahi ina faɗa ina jin ƙyama har cikin haƙorana. Manyan mutane, masu gemu da digiri, sun shekara suna toshe bakin mai faɗa musu gaskiya saboda tsoron kofi. Ni da zan kai su asibiti a yi musu awon kunya, na san sakamakon babu komai zai fito.

"Za a tashe su," in ji shi. "Bayan an sabunta kwangila sai mu zauna a tsanake. Ki sa hannu yau, na miki alkawari."

"Mako mai zuwa ko?"

Na matso kusa da teburinsa na ci gaba.

"Ni ba duka na zo nema ba. Ɗaya nake so ka tasa."

"Wanne?"

"Mai duba cewa lambar kwalbar jini ta dace da mai jinin."

Ya jawo kujera ya zauna, guga da turaren duk suka tashi a banza.

"Wa ya kwantar da shi?" na ce.

"Ofis ne, hannu da yawa."

"Manhajar na ajiye sunan duk wanda ya taɓa ta, ka fi ni sani. Ina so in ji daga bakinka ne."

Ya daɗe yana murza goshi.

"Lokacin da ɗakin awon suka sayo sabuwar na'urar nan mai sauri ne. Takan turo sakamako biyu a tare, tsohon aikina kuma ɗaya-ɗaya ya sani. Na yi masa faci. Ɗan gadin ya yi ihu."

"Sai ka gyara."

"Ranar baƙi za su zo, allo ya yi ja, yaran nan har sun fara kallon kabad suna ƙumshe dariya. Auta, ni na ƙirƙiro dokar kofin nan. Ni na sayo shi da kuɗina. Ba a taɓa dire min shi ba ko sau ɗaya. Ta yaya zan zauna a gaban yarana da..."

"Sai ka kwantar da shi."

"Na ce in baƙi sun tafi zan dawo kansa."

"Ka dawo?"

Ya kawar da kai.

Na tsaya ina kallon mutumin da ya koya min kunna kwamfuta, wanda nake bugun ƙirji da shi a makaranta. Ban ji tausayinsa ba, ko ɗigo. Abin da na ji shi ne irin abin da mutum ke ji in ya ɗaga murfin tukunyar da aka manta da ita.

"Ba kullum yake faruwa ba," ya ce da sauri. "Sai sakamako biyu sun shigo a daidai lokaci guda. Da wuya ne, wataƙila ɗaya a dubu."

"Umma ba ta cikin dubun?"

"Kada ki sako Umma a nan!"

"Kai ka sako ta. Kai ka karanta mata saƙon a falo kana murna. Kai ka kwashe ragowar magungunanta ka zuba a shara, ka ce ta huta da ɗaci. Ko ni ce?"

Ya buga tebur har agogon ya zame.

"Uwata ce kamar yadda take uwarki!"

"To buɗe mu gani. Ni ba ni da izinin shiga bayanan marasa lafiya, kai ke da shi. Tashi ɗan gadin nan, ka ba shi lambar kwalbar Umma kawai. In ya ce lafiya, wallahi a gabanka zan sa hannu, in je in ba Umma haƙuri, in ce gishiri ne."

Hannunsa ya nufi kwamfuta, ya tsaya a hanya.

"In na tashe shi a allon bango zai fito. Kowa zai gani."

"Au, har yanzu kofin kake tsoro?"

Kafin ya amsa aka turo ƙofa. Manaja ne, tumbinsa a gaba, murmushi har kunne, bayansa wata dattijuwa mai farin gilashi riƙe da jaka. Shugabar ɗakin awon ce, Hajiya muke ce mata.

"Ga 'yan gida ɗaya ana shawara! Ku fito, ku fito, Hajiya ba ta da lokaci."

Muka fito ɗakin injiniyoyi, kowa ya miƙe tsaye. Manaja ya kai ta gaban allo kamar mai nuna sabon gida.

"Hajiya, kin ga wannan koren? Shekaru bai canja ba. Kin ga wancan kofin kuma?"

Ya ba ta labarin dokar yana ƙyaƙyatawa. Hajiya ta matsa ta leƙa, ta ja baya da sauri ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Subhanallahi. Wannan a ofis kuke ajiye shi?"

"Ai tarihi ne, Hajiya! Ƙurar da ke kansa ita ce shaidar ingancinmu. Auta, ga biro. Ita ce ta auna mana komai, Hajiya, ba ta da sani ba ta da sabo, ko yayanta ba ta ragawa."

Ya danƙa min biron. Na riƙe shi, na ji duk idon ɗakin a kaina.

"Yallaɓai, zan sa. Amma sai Yaya ya tashi ɗan gadi ɗaya."

Murmushin Manaja ya tsaya a inda yake.

"Wane ɗan gadi kuma?" in ji Hajiya.

"Maganar cikin gida ce, Hajiya," Manaja ya tare. "'Yan ƙananan abubuwa na injiniyoyi."

"Mai tabbatar da cewa sakamakon da kuka aika wa mutum nasa ne," na ce. "An kashe shi tun zuwan sabuwar na'urarku."

Hajiya ta cire gilashinta a hankali.

"An kashe shi? To me ke dubawa?"

Manaja ya hau gyara wuyan rigarsa.

Ta juya ga Yaya.

"Injiniya, da kai nake magana. Jinin mutane nake ɗauka, sunana ne a ƙasan kowane sakamako. Me ke dubawa?"

Manaja ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya, haƙoransa a haɗe.

"Yarinya, kin san bakin mutum nawa ke ci daga kwangilar nan? Yayanki ne ya roƙa aka ɗauke ki."

"Na sani, Yallaɓai. Uwarsa ce kuma silifa ta ƙi shiga ƙafarta yau."

Yaya ya ji. Na ga ya runtse ido. Ya ja kujerar Sarkin Faci ya zauna, ya shigar da izininsa a kwamfutar. Ya ciro wayarsa ya nemo tsohon saƙon Umma, ya kwafi lambar kwalbar.

"Kai, ka yi tunani," in ji Manaja.

Yaya ya danna.

Allon ya ɗan yi ɗif kamar an ɗauke wuta. Sannan ya dawo ja, ja wur, har hasken ya zuba a fuskokinmu. Rubutu ya fito manya-manya, cewa lambar kwalba ba ta dace da mai jini ba.

Na dafa tebur. Na zo da zargi, amma ashe can ƙasan raina ina roƙon Allah ya ƙaryata ni.

"Ban gane ba," in ji Hajiya. "Wannan sakamakon na waye?"

"Na mahaifiyarmu ne," na ce. "Wato wanda aka aiko mata. Na wani ne mai lafiyayyar ƙoda."

"Nata kuma fa?"

"Yana hannun wancan."

Hajiya ta dafe ƙirji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wato akwai mai lafiya yana can yana shan maganin ƙoda, mai ciwon kuma an tsayar mata. Su nawa ne haka? Injiniya, su nawa?"

Yaya bai ɗago ba.

Nan ne Sarkin Faci ya sunkuyo ta kafaɗar Yaya, da muryarsa ta kullum, irin ta mai son taimako.

"Oga, a kwantar da shi ne?"

Wallahi da gaske yake. Ba mugunta ba ce, hannunsa ne ya saba, har ya miƙa shi wajen madannan kwamfutar. Na kalli sauran, babu wanda ya yi mamakin tambayar.

Na taka zuwa kabad, na yi ɗage na ɗauko kofin da hannuna. Danƙo ya manne min a yatsu, wari ya bugi hancina. Na zo na dire shi a gaban Yaya, ƙarar ta cika ɗakin. Wani ƙaton kyankyaso ya fito daga ciki a guje, ya bi ta kan hannun rigarsa mai guga ya faɗa ƙasa.

Ba wanda ya yi dariya.

"Dokarka ce," na ce.

Sai wayarsa ta hau ruri a kan tebur, kusa da kofin. Sunan ya fito kowa na gani: Umma.

Ya zuba mata ido har ta kusa tsinkewa. Na miƙa hannu na amsa, na buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Yayansu?"

Muryarta ce, amma tana jan numfashi tsakanin kalma da kalma, kamar wadda ta hau bene.

"Na'am, Umma," in ji Yaya.

"Kana aiki ko? Yi haƙuri. Maƙwabciyar nan tamu nas ce ta shigo, ta ga na yi amai, ta duba idona da ƙafata. Wai in tashi yanzu-yanzu ta kai ni asibiti, ga ta nan tsaye da makullin mota ta ƙi zama."

"Umma, ki bi ta!" na ce da ƙarfi.

"Au, kina nan? Ke yi min shiru, ke kika fara ɗaga min hankali tun safe. Na ce mata ɗana ne ya haɗa abin da ya auna ni, ya ce na warke. Ba inda za ni sai na ji daga bakinsa."

Manaja ya zagayo gaban Yaya, yana girgiza masa kai a hankali, yana nuna Hajiya da ido. Hajiya ta ciro tata wayar ta riƙe, ba ta ƙifta ba. Jan allon na kan fuskar Yaya, kofin na gabansa.

Umma ta yi tari, ta daɗe kafin ta samu numfashi.

"Yayansu, kana ji na? Faɗa mata da bakinka ta ƙyale ni in kwanta. Abin naka yana ƙarya?"